Maficin da Kawu Ya Rufe da Hannunsa

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Kawu ya riga mu. Wan mahaifiyata ne. Ya rasu a asibiti a nan tsibirin Staten Island ranar wata Talata da hantsi, bayan doguwar jinyar huhu. Kafin la'asar falonsa na unguwar Stapleton ya cika, har takalma suka gangara matakala.

Mutanen Parkchester sun zo da manyan riguna a ƙarƙashin kwat ɗin sanyi. 'Yan Canal Street masu kasa kaya a tebur sun naɗe kayansu da wuri suka tsallako a jirgin ruwa. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda ya sayar da bel da jaka kusa da teburin Kawu a shekarun farko, ya zauna ya dubi bangon falon ya ce, "To, yanzu wa zai ƙwanƙwasa mana gida ya gaya mana a cikin kwali muke kwana?" Aka yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Fadan cocin Katolika na unguwar ya zo, ya cire takalmi ba a gaya masa ba, ya tsaya riƙe da hularsa. Da aka shafa fatiha bai san inda zai sa hannunsa ba. Wata tsohuwar Baturiya ta biyo shi da damin furanni. Babu wanda ya san abin da ake yi da furanni a gidan makoki, sai Inna, matar Kawu, ta sa aka zuba ruwa a tukunyar da take dama masa kunu aka tsoma su.

A bakin ƙofa kuwa, mai karɓar gaisuwa da hannu biyu, wanda kukansa ya fi na kowa sauti, ƙanin Inna ne, shugaban kwamitin masallacinmu. "Mijin yayata," yake ta faɗi. "Abokin wasana. Uba na rasa, wallahi uba."

Na yi shekaru ina karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyo, na san cewa abin da aka laƙa wa sunan mutum ranar mutuwarsa da shi yake zama. A ranar, a kan matakala, na ji wata mata tana yi wa wani kwatance a waya: "Hawa na biyu, gidan Mai Gumaka." Ba da mugunta ta faɗa ba. Sunan kawai ta sani. Saboda wannan sunan na zauna rubutu, don kada ya bi Kawu kabari, don kuma a san wanda ya raɗa shi.

Kawu ɗan gidan magina ne a Zariya. Tun kafin ya iya ɗaura wando yake cuɗa ƙasa da makuba, yana kallon mahaifinsa yana fitar da dagi a goshin zaure da tsinin yatsa. Da ya zo nan ya yi tebur, ya yi gadi, ya yi leburanci. Amma duk gidan da ya shiga, kafin ya gama amsa sannu da zuwa, sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa bango, ya kara kunne. Ya yi haka a asibiti, ya yi a ofishin lauya, ya yi a gidan surukan 'yarsa ranar neman aure, Inna tana harararsa. "Bango yana magana," in ji shi, "mutane ne ba sa sallama." Ba mutum ne mai sauƙi ba. Idan ya ce abu bai miƙe ba, ko duk unguwa ta rantse, bai miƙe ba. Yakan yi kwana da kwanaki bai ce wa kowa ci kanka ba idan aiki ya ɓaci, kuma bai taɓa yabon girki ba sai da "ba laifi".

Leburancin ne ya kai shi cocin. Ruwa ya huda rufi, wani ɓangaren silin ya faɗo, aka ɗauko su kwasar ɓaraguzai. Sauran suna lodi a baro, shi ya tsuguna yana juya wani guntun ganye na filasta a tafin hannu. Ya karya shi ya ga gashin doki a ciki. Ya ce a ransa, wanda ya yi wannan ɗan'uwanmu ne, ciyawa ce kawai ba shi da ita. Daga ranar bai ƙara rabuwa da ginin ba, har ƙirjinsa ya hana shi hawa tsani.

Dole in bayyana ginin, domin wanda bai shiga ba ba zai gane yadda aka yi ƙaryar ba.

Waɗanda suka gina shi 'yan wani ƙaramin gari ne a kan dutse a kudancin Italiya, da suka zo aikin dako a bakin ruwa tun zamanin kakannin tsohuwar nan mai furanni. Kewar gida ta sa suka ce sai sun yi irin cocin garinsu sak, har suka aika aka kawo musu mai shafe daga can. Salon ginin sunansa barok, tsohon salo ne da ya taso daga Italiya, kuma manufarsa ɗaya: mutum ya shiga ya saki baki. Fuskar ginin ba a miƙe take ba, tana shiga tana fita kamar tabarmar da iska ta ɗaga. Hasumiya biyu aka nufa. Ɗaya ta kammala da ƙararrawarta, ɗaya ta tsaya a rabi don ƙarfin masu ginin ya ƙare, haka take har yau. Ciki kuma zagaye ne mai tsawo kamar ƙwai. Ginshiƙan gaba murɗaɗɗu ne kamar tufkar igiya, ka rantse marmara ne, alhali filasta ce aka shafa wa launi aka goge. Akwai taga da aka ɓoye a bayan baka, wato lanƙwasar saman gini, ba ka ganinta, sai dai haskenta da ke saukowa kan ruwan zinariya. A bango akwai kogo-kogo inda mutum-mutumi ke tsaye, kowane kogo kuma an rufe samansa da siffar ɓawon wata halittar teku, mai tsaga-tsaga, buɗe daga tushe ɗaya. Kawu bai taɓa ganin halittar ba. Mafici yake kiransa.

Abin da ya fi ƙauna shi ne tulluwar. Ya kai ni ya tsayar da ni a kan wani zagayayyen dutse a tsakar daɓe, ya ce in ɗaga kai. Na ga tulluwa ta haura sama da ginshiƙai da tagoginta.

"Matsa can, wajen ƙofa."

Na matsa. Tulluwar ta karkace, ginshiƙan suka kwanta. Silin ne shimfiɗaɗɗe, zane ne kawai.

"Talakawa ne," ya ce. "Ba su da na tulluwa, suka zana ta. Amma ka ga sun sa maka dutse, sun nuna maka inda za ka tsaya. Wayon da ya gaya maka shi wayo ne, ai ba cuta ba ce."

Yana da ƙa'ida tun ranar farko, kuma ya faɗe ta a gaban ɗan kwangila da Fada: ganye zai yi, reshe zai yi, mafici da igiya da fure zai yi. Fuska, hannu, fiffike, duk abin da ke kwaikwayon mai rai, a nemi wani. Wata mata ce daga wani gidan adana kayan tarihi take zuwa yin waɗannan. Idan lokacin salla ya yi sai ya sauka, ya fita bayan ginin inda ake ajiye motoci, ya shimfiɗa kwali.

Sau ɗaya aka gwada shi. Ana gab da bikin waliyyin garin nasu, wanda jikokin masu ginin ke dawowa dominsa daga ko'ina, matar nan ba ta da lafiya, ga wani jaririn mala'ika na filasta a saman baka hancinsa ya gutsure. Fada ya roƙe shi. Ɗan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, in ji shi, kuma ga Kawu a kan dandamali dab da shi, ga kwaɓi a hannu. Kawu ya ce a'a. Fada ya ɗaga murya, ya ce ko ganyen ma ai Allah ne ya halitta. Kawu ya wanke cokalinsa, ya sauko, ya tafi gida. Sai da biki ya wuce Fada ya hau matakalar nan da kansa, da kofin shayi biyu na takarda, ya tsaya a bakin ƙofa.

Inna ta leƙa ta ce, "Malam, ga limaminka ya zo biko."

Kawu ya koma aiki. Fada kuma ya hana a taɓa hancin ko bayan matar ta warke. Na je na duba bayan rasuwar. Har yau ba shi da hanci.

Yanzu ƙanin Inna. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Kawu ne ya yi masa hanyar zuwa, ya kwana a falon nan har kafet ya san siffarsa, Kawu ya ba shi kwat ɗinsa na farko, ya raka shi neman lasin ɗin tuƙi. Tsakanin mutum da ƙanin matarsa akwai wasa, kowa ya sani: a yi zagi, a yi gori, kuma abin kunya ne babban ya yi fushi. Gyara Kawu yake kiransa, wai shi ne ɗan ƙarin da aka ɗora masa a kan amarya.

"Gyara, ka bar mana ƙanzo ko ka haɗa da tukunyar?"

"Ai gara ni tukunya nake lasa. Kai fa, Mai Gumaka? Yau wane ka yi wa wanka?"

A falon nan aka haifi sunan, a kan tuwo, kowa yana dariya har da Kawu. A nan ya kamata ya mutu.

Masallacinmu tsohon shago ne. Da aka same shi, alƙibla kusurwa ce kawai da aka ja wa layi da tef. Kawu ya ce limami ba zai fuskanci tef ba. Ya yi ta zuwa bayan aiki da ragowar ƙarfinsa, ya gina ɗan kogo a kusurwar, ya zagaye shi da dagi irin na zauren mahaifinsa, ya rufe samansa da mafici, domin ya lura a coci cewa siffar tana tattara murya ta mayar wa na baya. Fari fat, babu launi. Baƙi daga Bronx sukan ɗauki hoto. Shi ne kuma ladan na asuba, da muryarsa mai kaushi da ba ta taɓa makara ba.

Da aka zo zaɓen shugaban kwamiti, dattawa suka karkata ga Kawu, shi da bai nema ba. Ƙanin Inna kuwa ya nema. Lokacin ya yi motoci, ya yi tumbi, ya je Makka. Akwai mutanen da ba sa yafe wa wanda ya gan su da yunwa.

Ban halarci zaman ba. Na ji shi daga bakin mutum uku da ba sa ga-maciji da juna, kuma labarinsu bai saɓa ba. Bayan la'asar ranar Lahadi ƙanin Inna ya miƙe ya ce akwai abin da ke damunsa don Allah. Ya fito da waya. Hoton farko: wani kogo a coci, mutum-mutumi a ciki, mafici a sama. Ya ce a dubi hoton, a juya a dubi alƙibla. "Ga abin da muke sa wa goshi a ƙasa." Hoto na biyu: Kawu a kan dandamali, cokali a hannu, fuskarsa dab da fuskar jaririn mala'ika. Shi ya ɗauki hoton ranar da Kawu ya gayyace shi ganin tulluwa, yana yi masa tsiya yana dariya. An ɗauke shi daga gefen da ba a ganin hancin. "Ba ni na faɗa ba," in ji shi. "A gidansa ma Mai Gumaka ake ce masa, ku tambaye shi ko ya taɓa musawa."

Aka juya ga Kawu. Me zai ce? Bai taɓa musawa ba, don ba a musa wa abokin wasa. Ya ce, "Ban taɓa yin fuska ba." Liman, wanda ya yi karatu a ƙasashen Larabawa ya kuma ga irin wannan siffa a saman alƙiblar tsofaffin masallatai da idonsa, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ya dubi carbinsa ya ce a guji abin da zai raba kan jama'a. Aka yanke cewa a rufe kogon, Kawu kuma ya huta da kiran salla. Mako na zagayowa aka yi zaɓe, ƙanin Inna ya ci.

Inna ta kira ƙaninta gida. Yana shigowa ya fara dariya. "Haba Yaya, ni da mijinki ai ba a shiga tsakaninmu. Wasa ne fa. Mutane ne suka ɗauka da zafi."

Kawu yana zaune. Al'ada ta ɗaure masa baki, wancan kuma ya san ta ɗaure. Da ita ya yi aikin.

Abu ɗaya Kawu ya roƙa: a bar shi ya rufe da kansa. An kawo wani da guduma da ƙusa da gam, ya ce a'a, za su fasa. Ya auna, ya yanko falanki, ya kafa katako a gefe don kada falankin ya taɓa filastar, ya bar 'yar kafa sama da ƙasa don iska ta shiga, ya ɗaure da sukuru. Ya shafa farin fenti. Aikin ya yi kyau har wanda bai sani ba zai ɗauka bango ne. Daga nan ya koma sahun ƙarshe, kusa da takalma, bai fasa jam'i ba ko sau ɗaya. Wasu sun daina ba shi hannu. An daina kiransa raɗin suna. Yaran da aka haifa bayan haka, masu jin Hausa suna amsawa da Turanci, da sunan suka tashi. Idan masallaci ya watse, yakan je gaba, ya lanƙwasa yatsa, ya ƙwanƙwasa falankin, ya saurara, ya fita.

Na taɓa ce masa ya bari in yi magana. Ya ce, "Da ƙanin matata? A ce tsoho ya kasa ɗaukar wasa?" Bai ƙara kiransa Gyara ba dai har ya mutu. Alhaji yake ce masa, da ladabi. Wannan ne kaɗai hukuncin da ya yanke.

Inna ba ta da irin haƙurinsa, kuma na gode wa Allah.

Ranar addu'ar bakwai, falo cike, Liman yana nan, dattawa suna nan. Ƙanin Inna ya durƙusa a gaban labulen da take zaune a baya cikin takaba. Ya share ido ya ce, a gaban jama'a, idan akwai abin da ya taɓa shiga tsakaninsa da marigayi, yana roƙon gafara. Ya zaɓi wurin da kyau. Wace mace ce za ta ƙi yafiya a gaban malamai, mijinta bai yi sanyi a kabari ba?

Labulen ya motsa. Hannunta ya fito ya ajiye wani abu a kan kafet. Sukundireban Kawu ne, mai jan mariƙi da ya sha fenti.

"Wanda ka yi wa ba ya nan," ta ce. "Ni kuma ba ni da ikon yafe nasa. Nawa nake da shi. Jumma'ar nan, bayan an sallame, kafin kowa ya fita, ka kwance abin da ka sa ya ɗaura. Da hannunka. In ba haka ba, bayan da ya goya ka ya haramta gare ka. Kada ka tako gidan nan, kuma ranar da na mutu kada a bar ka ka ɗauki makarata. Malam Liman, kai ne shaida, tunda ka saba zama shaida."

Liman ya sunkuyar da kai.

"Yaya," ya ce, kukan ya ɗauke kamar an rufe famfo, "ni ne fa shugaba. Me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu wasa ne."

Ina sahu na uku ranar Jumma'a. Liman ya yi sallama, ya roƙi kowa ya zauna, ya faɗi abin da ya sani game da siffar a taƙaice, a makare. Ƙanin Inna ya miƙe da babbar rigarsa mai aiki. Sukurun sun sha fenti, sai da ya kankare kan kowanne. Hannunsa yana zamewa. Babu wanda ya tashi ya taimaka, ni ma ban ga dalili ba. Na sama sun fi ƙarfin tsawonsa, aka miƙa masa kujerar roba ya hau, rigar tana harɗe shi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Bai ce wasa ne ba. Da falankin ya saki ya rungume shi ya rasa inda zai kai, ya tsaya da shi a ƙirji.

Maficin yana nan fari kamar jiya aka gama. Ko tsaga babu, ko danshi. Dattijon nan ɗan Kumasi ya taso daga baya, ya ratsa sahu, ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa gefen dagin. Sautin ya fito a cike.

"Salamu alaikum," ya ce wa bangon.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa taurin kansa da gajeren yabonsa, Ya faɗaɗa masa makwanci, Ya gina masa gidan da in ya ƙwanƙwasa zai ce ba laifi. Wanda ya san shi da wancan suna, ya sani daga yau: magini ne, ladan ne, kuma akwai mala'ikan filasta marar hanci a Stapleton da zai ba da shaida.

Ƙanin Inna ya so ya ajiye shugabanci. Dattawa sun ƙi karɓa, ni ma na sa baki a bar shi. Wurin shugaban kwamiti a sahun farko yake, daidai bayan liman, inda in mutum ya ɗago daga sujada babu abin da zai fara gani sai alƙibla. Ba na yi masa mugun fata. Allah Ya ba shi tsawon rai, Ya tsare masa sallolinsa biyar a cikin jam'i, Ya kuma ƙara masa lafiyar ido.